Ƙwallon da Baba Bai Gani Ba

Babana bai iya zama ba. Duk wanda ya san Mahama Direba a Zangon Sokodé, da wannan zai fara ba ka labarinsa. Ko abinci a tsaye yake ci, kwano a hannu, yana kai da komo tsakanin ƙofar ɗaki da bakin rijiya. Innata Salamata takan ce ita dai an ɗaura mata aure da mutum, amma ƙeyarsa ta fi sani, don kullum fita yake yi. Ni ce Nusaiba, 'yarsa ta uku, kuma an ce ni na gado shi a gajen haƙuri. Ban taɓa musawa ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar fasinja mai cin mutum goma sha biyar daga Sokodé zuwa Dapaong. Ya bi ta Bafilo, ya wuce Kara da Kanté, ya haye gadar Mango, ya sauke mutane, washegari ya juyo. Bai taɓa kaɗe ko akuya ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Da abu biyu yake tinƙaho a duniya: sitiyarinsa, da maganarsa a filin tanis. To, a shekarar da zan ba da labarinta idonsa ya fara mutuwa, shi kuma ya kafe cewa lafiyarsa ƙalau, yana ci gaba da ɗaukar rai goma sha biyar a bayansa. Abin da nake nema a bakinsa bai wuce kalma uku ba: ban gani ba. Wata bakwai na yi ina fama.

Shi wasan tanis ɗin ma rashin zaman nan ne ya kai shi gare shi. A tashar Dapaong mota ba ta tashi sai ta cika, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Sauran direbobi sai su baje a benci, masu dara na yi, masu barci na yi. Baba kuwa sai ya bar wa ɗan kamasho motar ya shiga gari da ƙafa, ba don yana da wurin zuwa ba. Rannan yana wucewa ta bayan wata makaranta sai ya ji tas, tas, tas, ba ƙaƙƙautawa. Ya yi ɗage ya leƙa ta kan katanga. Wani dogon mutum ne da gajeren wando, yana dukan ƙaramar ƙwallo tana bugun bango tana dawo masa. Mushe Fousséni ke nan, don a wurinmu Mushe ake ce wa malamin boko; malamin lissafi ne, ɗan ƙabilar Kotokoli daga Bafilo. An yi wa abokin wasansa canjin wurin aiki, an bar shi da bango.

“Kai mai leƙe,” in ji Mushe, “ka iya?”

“Me zai gagare ni a ciki?” in ji Baba. “Ba duka ba ne?”

Ya zagayo, aka miƙa masa raket, ya zage ya maka wa ƙwallon duka irin na mai faskare. Ta haye bango, ta haye katanga, ta faɗa tsakar gidan wata mai dafa burkutu. Baba da hularsa da carbinsa ya je ya yi sallama a ƙofar gidan yana roƙon ƙwallo. Har yau in suka haɗu sai Mushe ya tayar da wannan magana.

Ranar ce aka zayyana masa yadda abin yake. Fili dogo ne, raga ta raba shi biyu, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Ka buga ƙwallo ta haye raga ta sauka cikin layi a gefen abokin karawarka, shi kuma ya maido ta kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Wanda ya kasa ya ba da maki. Mai fara bugu, wato mai sarbis, yana tsayawa bayan layin ƙarshe, ya cilla ƙwallo sama, ya doke ta ta sauka a ƙaramin ɗakin da ke karkace da shi a ƙetaren raga. In ya kuskure a ba shi ta biyu, in ya sake kuskurewa maki ya tafi. Duk wannan Baba ya haɗiye shi ba gardama. Da aka zo ƙirge ne aka samu matsala.

“Sha biyar, talatin, arba'in,” in ji Mushe.

“Tsaya, tsaya. Kai ne fa aka ce malamin lissafi. Ina arba'in da biyar ta tafi?”

“Haka muka tarar, Direba. Ka buga kawai.”

In ka ci na huɗu ka ci zagaye, sai dai in kun yi arba'in-arba'in, to sai wani ya ci biyu a jere. Zagaye shida da ratar biyu shi ne set. Bayan zagaye na ɗaya, na uku, na biyar, haka dai, ana musayar gefe, kuma akan ɗan zauna a benci a sha ruwa a goge gumi. Wannan dokar ce kaɗai Baba bai taɓa bi ba. Shekara ashirin da shida yana wasa, ba wanda ya taɓa ganin ya zauna a bencin nan. Yakan tsaya yana juya raket a hannu, yana cewa abokin karawarsa ya yi sauri mana.

Amma abin da ya kama zuciyarsa shi ne na ƙarshe da Mushe ya gaya masa. “A nan ba mu da alƙali. Gefenka naka ne. Ƙwallon da ya sauka a gefenka, kai za ka ce ya fita ko yana ciki, ba mai musa maka. Ko gashinsa ya taɓa layi, yana ciki. In ba ka gani ba, ko kana kokwanto, makin na abokin karawarka ne.” Hausar Mushe ta kasuwa ce, komai namiji ne a bakinsa, har Inna “kai” yake ce mata. Baba ya ce da ya ji wannan doka sai da tsigar jikinsa ta tashi. Mutumin da ya wuni yana rantsuwa ga jandarma, yana rantsuwa ga fasinja, yana rantsuwa ga mai kaya, kowa na kallonsa a matsayin maƙaryaci tun bai buɗe baki ba, ga shi an nuna masa wurin da zai ce “ta fita” a yarda kawai. Motarsa ta cika ranar, aka yi ta nemansa a gari.

Bai yi wata uku ba ya fara haƙa a Sokodé. Ya samu wani fili bayan tsohon siton auduga, ya share, ya jibge jar ƙasa, ya cika ganga da siminti yana gangara ta a kai safe da yamma har wurin ya daddaɓe. Layi da farar ƙasa ya ja shi. Raga kuwa ta kamun kifi ce ya sayo a Mango, Inna ta ɗinka mata farin ƙyalle a baki tana mita. Mutanen Zango suka samu abin dariya, wai Mahama ya haukace yana korar ƙuda da rariya. Shi ko a jikinsa. A hankali masu dariyar suka fara tsayawa kallo, daga kallo sai “ba ni in gwada.” Haka aka samu ma'aikatan asibiti biyu, da wani tela, da Zaidu mahauci mai jan motar dakon shanu, wanda sarbis ɗinsa kamar zai fasa ƙasa. Ni tun ina 'yar shekara tara nake ciki, kuma raket biyu na karya don haushi kafin in kai sha biyar.

Daga nan aka kafa al'ada. Duk shekara, in damina ta ja baya, ko mu mu je Dapaong a motar Baba ko su su zo mana. A yi wasa wuni guda, a rufe da karawar tsofaffin biyu, set ɗaya tal saboda gwiwoyinsu. Wanda ya ci, garinsu ke riƙe kofi har shekara ta zagayo. Kofin kuwa wata tsohuwar butar shayi ce mai lotsattsen gindi, wadda ko kyauta aka ba ka ba za ka ɗauka ba. Amma wallahi na ga manyan mutane suna kumbure-kumbure a kanta.

A duk shekarun nan, daga Sokodé har Dapaong, in Mahama ya ce ta fita to ta fita. Na sha ganin ya ba da makin da nasa ne, ina gefe ina cizon yatsa. In na yi magana ya ce, “Kin gani da idonki, ni ban tabbatar ba. Gefen nawa ne ko naki?”

Jar ƙasa tana da wani hali: duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar tabo, ɗan zagaye kamar gindin kofin shayi. Da can Baba ba ya ko kallon tabo, kafin ƙwallo ta tashi ya riga ya yanke magana. A farkon shekarar nan sai na ga ya canza. Ƙwallo ta sauka kusa da layi, sai ya yi shiru, ya taka har wurin, ya sunkuya kamar mai neman allura, sannan ya yi magana. Muka ce tsufa ne ya sa masa tsantseni, har muna yi masa tsiya. Ban kawo komai a raina ba, kuma wannan sakarcin nawa har yau yana ba ni haushi.

Sai wata Asabar suna karawa da Zaidu. Zaidu ya sako wata ta sauka a kan layi, farar ƙasa har ta yi tsalle, kowa ya gani. Baba ya taka, ya sunkuya, ya ɗora kan raket ɗinsa a kan wani tabo can waje, tazarar tafin hannu biyu. Tsohon tabo ne, tun na zagayen baya.

“Ta fita,” in ji shi.

Zaidu ya zo bakin raga, ya dubi tabon, ya dubi Baba.

“Haba Baba Mahama. Wannan ai ba ita ba ce.”

“Ita ce.”

“To shi ke nan. Ashe kai ma ka fara.”

Ban san lokacin da na tsallake layi ba. Na ce masa, kai Zaidu, kai da ka koyi riƙe raket a hannun mutumin nan, yau kai ne za ka ce masa macuci? Na ce abubuwa da yawa, har da na ma'aunin namansa, waɗanda bai kamata in faɗa ba. Sai da tela ya riƙe mini raket. Zaidu ya ɗauki jakarsa ya tafi, kuma kafin magariba maganar ta kai mahauta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na ga inda ƙwallon ta sauka, na san Zaidu ne da gaskiya.

Na isa gida ina huci, na tarar da Inna tana tsince shinkafa. Na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba.

“Ubanki ba ya cuta,” ta ce. “Ba ya gani ne.”

“Kamar yaya ba ya gani?”

“Tun bara ni ke karanta masa lambar waya. Jiya Awa ta gidan gaba ta wuce shi a zaure, bai san ita ce ba sai da ta gaishe shi. Ki duba ƙwayar idonsa a rana, yanar ido ce ta fara rufe ta. Na yi magana har na gaji.”

“Inna! Kuma kina kallo yana ɗaukar mutane?”

“To in ɗaure shi a turmi? Ke da kika iya faɗa, ga ki ga shi.”

Na same shi yana wanke mota. Na ce Baba, mu je asibiti a duba idon nan. Ya ce idon wa? Na ce naka. Ya ce in je a duba bakina tukuna. Na ɗaga yatsu daga bakin ƙofa na ce nawa ne nan, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da zan yi masa jarrabawa. Da na matsa, sai ya jefa tsumman cikin bokiti.

“Kin san abin da za su yi? Su rubuta takarda, a karɓe farmina, a ce in zauna. In zauna in yi me? In ƙirga kajin uwarki? Hanyar nan ko an ɗaure mini ido na san kowane rami a cikinta.”

“Ramin ka sani, Baba. Yaron da zai tsallaka fa, shi ma ka san shi?”

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Farmi ita ce takardar tuƙi, kuma a wurinsa ita ce shaidar cewa shi mutum ne mai amfani. Na gane haka sarai, amma ganewar ba ta hana ni fargaba ba duk ranar da ya tayar da mota. Wata bakwai ban da sukuni. Ina ofis ina duba waya, in ta yi ƙara gabana ya faɗi. Na ɓoye masa makulli sau biyu, ashe yana da wani. Na yi tunanin zuwa tasha in tona masa asiri wurin shugabannin direbobi, na kai har bakin ƙofa na juyo, don na san in na yi haka na kashe shi da ransa. A fili kuma mutane suka daina son karawa da shi. Ba wanda ya sake ce masa komai, sai dai in ya ce “ta fita” a kalli juna.

A shekarar nan mu ne da zuwa Dapaong, kuma butar tana can. Na ce ba zan je ba, na sake cewa in har zai tuƙa to ni ce a kujerar gaba. Zaidu ya zo, ya gaida Baba a taƙaice, ya wuce can baya ya zauna. Muka tashi bayan sallar asuba, gari ya yi haske.

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba. Na kafa ido a titi, bakina bai huta ba: Baba ga babur, Baba ga tumaki, Baba mai keke a dama. Shi kuma yana cewa na gani, na gani, ke wai yau me kika sha? Kuma gaskiya tuƙinsa sumul, yana kauce wa rami tun ban hango shi ba, yana rage gudu a kwana kafin ta zo. Muka wuce Kara, muka gangara duwatsun Défalé lafiya, har na fara cewa ko ni ce na cika tsoro.

Bayan Mango ne. Kowa ya san in babbar mota ta lalace a hanya, direbanta yakan karyo rassan itace ya jera a kan kwalta tun daga nesa, don mai zuwa ya rage gudu. Na hango ganyen kore shar a gabanmu, na yi shiru da gangan, ina so in ga ko zai ɗaga ƙafa. Bai ɗaga ba. Muka taka reshe na farko, ƙaras. Muka taka na biyu. Bayan kwanar ga tirela tsaye a hannunmu, mutum biyu kwance a ƙarƙashinta suna gyara.

“Baba birki!”

Ya taka. Motar ta yi kururuwa, jakunkuna suka zubo, wata daga cikin ma'aikatan asibitin ta saki salati. Muka tsaya, tsakaninmu da bayan tirelar bai kai tsawon raga ba. Na dube shi.

“Na gani,” ya ce a hankali. “Ai na gani.”

Tunda nake ban taɓa jin ƙarya ƙiri-ƙiri daga bakinsa ba sai ranar. Ban yi masa faɗa ba, faɗan ma ya ƙi zuwa. Kuka ne ya zo, na juya fuska wajen taga har muka shiga Dapaong.

Filin Dapaong na siminti ne. Sai da na taka shi na tuna abin da hakan ke nufi: siminti ba ya riƙe tabo. Ba wurin da za ka taka ka sunkuya ka duba, ƙwallo ta sauka ta tashi, abin da idonka ya kama shi ke nan. Na ga Baba ya tsaya a bakin layi yana murza simintin da takalminsa, na san shi ma abin da yake tunani ke nan.

Aka yi wasannin yini, ban ma san wa ya ci wa ba, ni kaina an lallasa ni ban ji zafi ba. La'asar ta yi, aka ɗora butar a kan kujera, tsofaffi suka shiga. Mushe Fousséni ya yi furfura fat, ya ɗaure gwiwa da bandeji, yana ta tsokana: “Direba, yau ma gidan burkutu za ka aika shi?”

Sai na ga dabarar da Baba ya zo da ita. Ba ya barin ƙwallo ta wuce shi. Wadda za ta fita da taku guda ma sai ya bi ta ya maido, don kada ta sauka a ce masa yanke magana. Da kunne yake wasa, yana jin ƙarar raket ɗin Mushe ya san inda za ta, ga shi ya san hannun mutumin shekara ashirin da shida. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya yana zarya daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar an kunna masa wuta, rigarsa ta jiƙe sharkaf. 'Yan Sokodé suna ihu suna jin daɗi. Ni kaɗai na san gudun me yake yi. In an zo musayar gefe Mushe ya zube a benci yana haki, Baba na tsaye yana juya raket.

Aka kai biyar da huɗu, Baba ke gaba, sarbis nasa, arba'in da talatin. Maki ɗaya ya rage butar ta bi mu gida. Ya buga, Mushe ya maido gajeriya, Baba ya rugo bakin raga ya tura ta kusurwa. Mushe ya miƙa hannu da ƙyar ya ɗaga ta sama, can sama, ta bi ta kan Baba ta shiga cikin hasken rana. Baba ya juya yana laluben sama da ido. Ta sauka a bayansa, tas.

Ta fita. Ina daidai layin, na gani, ta wuce da faɗin tafin hannu. Mutanenmu suka miƙe suna ihu, tela har ya nufi butar. Ko Zaidu ya ɗaga hannu yana nuna waje. Mushe ma ya fara tahowa bakin raga don ya ba da hannu. Kalma biyu kawai ake jira daga mai gefen, kuma da ya faɗe su gaskiya ya faɗa, ba mai tuhumarsa har abada.

Baba ya tsaya yana kallon wajen layin. Ya daɗe. Ihun ya fara mutuwa.

“Ban gani ba,” ya ce.

“Ya fita, Direba,” in ji Mushe. “Ni na buga, ni na gani. Ka ci.”

“Kai ka gani. Gefen nawa ne, ni ban gani ba. Kai ka koya mini, Mushe. Makinka ne.”

“To arba'in-arba'in. Koma ka buga.”

Baba ya girgiza kai. “Ba wannan kaɗai ba ce. Tun bara ba na gani. Layin nan ma da nake tsaye a kai, hazo-hazo nake ganinsa. Yau da safe saura kaɗan in hallaka mutanen nan gaba ɗaya, na ce musu na gani.”

Ya taka zuwa benci, ya ajiye raket, ya zauna. Wallahi da ya faɗi ƙasa ma da abin bai kai haka dukana ba. Wata bakwai ina neman kalmomin nan, da suka fito sai na ji da ma ban taɓa nema ba. Ba wanda ya yi motsi, sai Mushe da ya ɗingiso ya zauna kusa da shi.

Baba ya laluba aljihun jakarsa ya ciro makulli. “Ina Zaidu?”

Zaidu ya matso ya durƙusa. “Baba Mahama, ka yafe mini. Ban sani ba.”

“Me zan yafe? Tabon ba shi ba ne, gaskiya ka faɗa. Ungo. Giya ta uku tana da gardama, sai ka lallaɓa ta.”

Butar ta zauna a Dapaong. Mushe ya yi rantsuwa ya yi magiya a sa ta a mota, Baba ya ce set ɗin bai ƙare ba, a ajiye masa ita.

Washegari da safe Zaidu ya hau sitiyari. Baba ya zauna a gaba jikin taga, ni a tsakiya. Ƙafarsa ta dama ba ta huta ba, yana ta taka birkin da babu shi, yana cewa rage, akwai rami bayan gadar nan, kauce hagu, kai wa ya koya maka tuƙi? Zaidu na cewa to Baba, to Baba. Na ce masa ranar Litinin za mu asibiti, ya ce ya ji. Sai da muka fara hawan duwatsun Défalé ya yi shiru, ya juya fuskarsa waje, ya daɗe a haka.

“Nusaiba.”

“Na'am, Baba.”

“Shekara talatin da ɗaya ina wucewa ta nan, ban taɓa duban gefen hanya ba. Me ke can ƙasa?”

Na share fuskata da bakin mayafi, na leƙa ta kafaɗarsa. Na ce akwai kwari mai zurfi, da gonakin dawa, da gidaje masu jinka guda biyar ko shida, da wata mata tana shanya a kan dutse.

“Shanyar me?” ya ce.

Na ce daga nan ba zan iya ganewa ba, amma ja ne, ina jin barkono ne.